Fayif ɗin ɗumama ƙasa: yaushe zan shimfiɗa tayil?

Maigini:
Salam jama'a. Ni nake gina gidana da kaina, mun shimfiɗa fayif ɗin ruwan zafi a ƙasan falo, an zuba daɓen siminti milimita 70 a kai sati biyu kenan. Mai tayil ya matsa wai a fara gobe, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Na bar shi ya fara ko na jira?

Baban Ummi:
Wslm. Ɗan'uwa kar ka yarda, saman ya bushe amma ciki danye sharaf yake. Daɓen yashi da siminti kusan milimita 1 yake bushewa a rana, in ya wuce 40 ma sai ya ƙara nawa, naka zai haura wata biyu. Ni na yi gaggawa a kicin, bayan wata uku tayil guda huɗu suka ɗago, in ka taka sai ka ji ƙwas ƙwas kamar ba komai a ƙasa, haka na fasa na sake.

Injiniya:
Gaskiya ne malam. Kuma kafin tayil ka kunna ɗumin bayan kwana 21 da zuba daɓen, ka fara da zafin ruwa digiri 25 kana ƙarawa kaɗan kaɗan, in daɓen zai tsage ya tsage tun yanzu. Ka sa gam ɗin tayil mai laushi. Ina fata dai kun gwada fayif da fresha (matsin ruwa) kafin a zuba?

Maigini:
Mun gwada, ba yoyo. Ɗakin kwana katako nake so fa.

Injiniya:
Zai yi, amma kar saman ya wuce digiri 27.