Protomelission gatehousei: Birayozowa ce ko gansakukar teku?

Malam Sani, Gwale: Jama'a, ni har yanzu ina kan matsayin masanan da suka ce a 2021 Protomelission, wannan daɗaɗɗiyar halitta da aka samo burbushinta a cikin duwatsu, birayozowa ce. Birayozowa ƙananan dabbobin teku ne masu zama a dunƙule, kowace a ɗan ɗakinta da bai kai milimita 1 ba. Kafin nan, mafi tsufan da aka yarda da su na farkon zamanin Odobishiyan ne, wajen shekara miliyan 480 da suka wuce. Wannan kuwa ta Kambiriyan ce, zamanin da ya gabaci Odobishiyan, an same ta a Ostireliya da kudancin Sin, ta mayar da tarihinsu baya da kusan shekara miliyan 35. Ɗakunanta a jere kamar saƙar zuma, fuska biyu baya da baya, jiki a tsaye. Me ya rage?

Dakta Hadiza, Kabuga: Malam, jerin ɗakuna ba hujja ba ce. Burbushin da aka samo a Xiaoshiba, lardin Yunnan, wanda aka bayyana a 2023, ya adana har sassan jiki masu laushi. Da birayozowa ce, da an ga zoben gashin da take tace abinci da shi. Ba a gani ba. Wasu siraran leɓuna ne suka fito daga ɗakunan, irin na koriyar gansakuka.

Malam Sani: To bakin ɗakunan fa, Dakta, ramukan da ake gani kamar ta nan dabbar ke leƙowa?

Dakta Hadiza: Nan ne matsalar. Samfuran farko, na Ostireliya da kudancin Sin, ma'adinin fosfet ne ya maye gurbin jikinsu. Don fito da su, ana jiƙa dutsen farar ƙasa a asid ɗin asetik mai rauni, ya narke, a tace ragowar da rariya, a tsince ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. Duk bangon da fosfet bai kama sosai ba zai ɓurme, ya bar rami. Baki na gaskiya yana da gefe mai tsari, girmansa da mazauninsa kusan ɗaya a kowane ɗaki. Ramin ɓurmewa kuwa ba shi da ƙa'ida.

Abba, Fagge: Ranki ya daɗe, amma wa ya tabbatar na Xiaoshiba da na Ostireliya jinsi ɗaya ne? Na Xiaoshiba a matse yake cikin laka kamar an goge shi, na Ostireliya kuma bai matse ba. Sai an gwada faɗin ɗaki da yadda sabon ɗaki ke tsirowa daga tsoho a duka biyun.

Dakta Hadiza: Wannan tambaya ce mai nauyi, Abba, kuma ita ce madogarar ɓangaren Malam. Sai dai a tuna da Pywackia, wata halittar da aka samo burbushinta a Meziko: a 2010 aka ce ita ce birayozowa ta Kambiriyan, daga baya wasu masana suka mayar da ita dangin murjani.

Malam Sani: Pywackia ba ta da tsarin tsirar ɗaki irin wannan. A nuna min leɓunan nan a samfurin Ostireliya, sannan in janye.