Ga waɗanda suka daɗe suna shaida ba su ga kowa ya tuba ba

Mai bishara daga kudancin Katsina:
Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. An turo ni wani ƙauye na Maguzawa da Musulmi, kuma shekaru sun fara taruwa. Mutanen ba su ƙi ni ba. Mai unguwa ya ba ni gona, ana kirana suna da biki, yara suna zuwa koyon karatu a ƙofar gidana da yamma. Amma ran Lahadi ni da matata da 'ya'yanmu ne a majami'a, sai wata tsohuwa da ke zuwa jefi-jefi. Takardar rahoton da gundumar ikilisiya ke aiko mana tana tambayar mutum nawa suka tuba, nawa ke ajin baftisma, kuma kullum wurin a buɗe nake mayar da shi. Iyayena da 'yan'uwana, wanda ya taɓa zama a irin wannan hali ya gaya mini yadda ya yi. Ba ƙarfafawar baki nake nema ba, abin da ya faru da ku nake so in ji.

Baba Rabaran mai ritaya, Kagoro:
Ɗana, sannu da aiki. Tashar mishan da aka fara tura ni bayan makarantar Littafi Mai Tsarki haka take. Na zauna, na yi noma da su, na binne matattunsu tare da su, na yi wa'azi a kasuwa. Da aka ɗauke ni, waɗanda ke sujada ba su cika benci biyu ba. Wanda ya gaje ni bai daɗe ba ya fara yi wa mutane baftisma a rafi, har da dattawan da suka fi kowa yi mini gardama. Da labarin ya iske ni na yi murna, amma zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ya kwantar da ni shi ne Yahaya 4, inda Ubangiji ya gaya wa almajiransa cewa wani ke shuka wani ke girbi, kuma sun shiga cikin wahalar da wasu suka riga suka sha. Bulus ma haka ya gaya wa Korantiyawa: shi ya dasa, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma.

Ka tuna da tushen ikilisiyarmu. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigo da bishara ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka samu tasha ta farko a Patigi. Da an miƙa wa Gowans irin takardarka, da a buɗe zai mayar da ita. Ikilisiyarmu ta ECWA kuwa, wadda ta fito daga wannan aikin, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1954. Ka ci gaba da koya wa yaran nan karatu, kuma kada ka yi shi da fuska biyu. Iyayensu su san kai wane ne da abin da ka gaskata.

Tela a Sabon Garin Zariya:
Ni ba mai bishara ba ne, keken ɗinki nake tukawa. Maƙwabcin shagona Musulmi ne mai ilimi, tun muna samari muke tare. Da can kusan kullum sai mun yi muhawara a kan Triniti da gicciye, har mutane su taru. Ba wanda ya taɓa matsawa ko taku ɗaya. Lokacin da matarsa ta yi dogon jinya, ni nake buɗe masa shago. Wata rana ya tambaye ni, ba da sigar gardama ba, me ya sa nake da tabbacin an gafarta mini. Na gaya masa abin da Yesu ya yi domina, a taƙaice, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji. Har yau yana sallarsa, ni ina zuwa sujadata. Yana kawo mini naman layya, ina kai masa shinkafar Kirsimeti. Ina yi masa addu'a da sunansa kowace safiya, shi ma ya sani.

Ɗaliba a Samaru:
Ku gafarce ni iyayena, ni ƙarama ce, amma akwai abin da ke damuna. Sau da yawa a zumuntarmu ta ɗalibai in aka ce "mu bar wa Allah", ma'anarsa kada kowa ya buɗe baki. Sai mu ce halinmu zai yi wa'azi. Na zauna ɗaki ɗaya da wata har muka rabu, tana yabon halina, amma ba ta taɓa jin dalilin begena daga bakina ba, domin kullum jira nake ta tambaya. Romawa 10 ta ce yaya za su ji in ba mai yin shela. Sakamakon me za mu bar wa Allah in ba mu faɗi komai ba?

Baba Rabaran mai ritaya, Kagoro:
'Yata, gaskiyarki. Wanda bai shuka ba ba shi da abin jira. A zamanin da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya yi ƙarfi, manoma da matan aure ne suke fita gida-gida bayan sun gama addu'a, ba fastoci kaɗai ba. Sai dai ki haɗa da abin da Bitrus ya ce a wasiƙarsa ta fari, sura 3: a ba da amsa da tawali'u da ladabi.

Ma'aikaciyar jinya, Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. A nan mu 'yan kaɗan ne ƙwarai, don haka wanda ke jiran ya ga taro zai gaji da wuri. Tun 1924 mishan suka zo Damagaram, asibitin Galmi kuma yana aiki tun 1950, marasa lafiya na zuwa har daga Najeriya. Duk da haka ikilisiyoyinmu ƙanana ne.

Ƙa'idata a wurin aiki ita ce ba na haɗa magani da sharaɗi. Mutum yana kwance yana jin zafi, ba shi da ikon ce mini a'a, don haka bai kamata in matsa masa ba. In na ga yana cikin tsoro nakan tambaye shi ko yana so in yi masa addu'a cikin sunan Yesu. Wasu su ce to, wasu su ce a'a, kuma allurar kowa iri ɗaya ce.

A watan Janairu na 2015, da aka ƙone majami'u a nan da Yamai, maƙwabciyarmu Hajiya ce ta ɓoye ni da yarana a ɗakinta. Bayan ƙura ta lafa, shugabanninmu suka ce mun yafe. Wannan maganar ta sa mutanen unguwa suka yi mini tambayoyin da ba su taɓa yi ba, har da wani saurayi da na san yana cikin masu zanga-zangar. Na ba shi Sabon Alkawari da ya roƙa. Daga baya ya tafi neman kuɗi Agadas. Hajiya kuwa tana nan a addininta, kuma uwa ce a gare ni.

Uwa a Zumuntar Mata, Malumfashi:
Ɗana mai bishara, ni 'yar irin ƙauyen da kake ce. Mahaifina Bamaguje ne, shi ke yanka wa iskokin gidanmu. Ni ce na fara bin Yesu, sannan ƙannena, daga baya innarmu. Baba bai hana kowa ba, amma ya ce shi ba zai bar abin da ya gāda ba, domin in ya bari wa zai tsare gidan. Na yi masa magana, na yi kuka, na yi azumi, na kawo masa fastoci. Yana karɓarsu da fura, ya saurare su, ya raka su bakin hanya. Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce in riƙa rera masa waƙoƙin sujada da dare domin suna sa shi barci. Na tambaye shi ko zai karɓi Yesu, ya riƙe hannuna bai amsa ba. Haka ya tafi.

Wannan ya fi kowane rahoto zafi. Na daɗe ina fama da shi. Inda na tsaya shi ne, na faɗa masa gaskiya da ƙauna iyakar iyawata, kuma Allah da ya halicce shi ya fi ni ƙaunarsa, ba ya kuma zalunci. Ba na cewa ya tsira, ba na cewa ya hallaka. Tsohuwar nan da ke zuwa maka jefi-jefi, ka je ka gaishe ta a gida, ka sa matarka ta taya ta surfe. A ƙauyenmu ta wurin mata bishara ta shiga.

Wani ɗan'uwa, ba zan faɗi gari ba:
Ni ba a gidan Kirista aka haife ni ba, daga baya na tuba. Direban da ya fara gaya mini labarin Yesu a tasha bai san na ba da gaskiya ba, domin abin ya faru bayan mun rabu da daɗewa, ina karanta Luka ni kaɗai. Don haka ka daina ɗauka cewa takardarka ce ke nuna duk abin da ke faruwa.

Amma ina da roƙo. Sakamako na Allah ne, mutumin da ya zo kuwa naku ne. Ranar da aka yi mini baftisma an yi ta tafi. Bayan haka na rasa gida, na rasa jari, dangi suka ɗauke matata. Wani dattijon ikilisiya ne ya ba ni ɗaki a zaurensa ya koya mini gyaran babur, in ba don shi ba ban san inda zan kwana ba. Kafin ka roƙi Allah ya ba ka mutane, ka tambayi ikilisiyar da ta aiko ka ko ta shirya ɗaki da abinci da sana'a domin wanda zai zo.

Tsohon sakataren gunduma:
Na riƙe irin takardun nan. Ana tambayar adadi ne domin ikilisiyoyin da ke ba da baikon albashinku suna so su ji labari. Illar ita ce wasu sukan ƙara lamba don kada a ɗauke su, ko su rubuta duk wanda ya ɗaga hannu a taron farkawa bayan an raba hatsi. Kada ka shiga wannan. Ka bar wurin a buɗe, ka haɗa da wata takarda: gidajen da ka ziyarta, yaran da suka iya karatu, wanda ya kira ka addu'a, abin da ke hana mutane. Kwamiti mai hankali zai karanta.

Mai bishara daga kudancin Katsina:
Na gode iyayena, Allah ya saka. Mama, matata za ta je wurin tsohuwar gobe in Allah ya yarda. Maganar ɗaki da sana'a kuma zan kai ta gaban dattawa a taro mai zuwa. Yawancin manyan nan ba su karanta boko, amma kusan kowane gida akwai waya. Wanda ke da Sabon Alkawari na Hausa na saurare a katin waya, ya taimaka ya aiko mini ta ofishin gunduma kafin ruwa ya yanke mana hanya.