Shawarar majalisa ga mai son cin abinci da karta a waje

A majalisarmu ta Ƙofar Nassarawa, wani matashi ya ce Amurka zai tafi ya riƙa cin abinci da kartar poka.

Alhaji, tsohon falke, lissafi ya yi masa. Shiga babbar gasar poka ta birnin Las Vegas dala 10,000 ne, kuma yawancin 'yan wasa hannu rabbana suke tashi. In ma ka ci, gwamnati na yanke wa baƙo kashi 30 cikin ɗari haraji. Ga biza, ga otal, gidan caca ma yana zare kamashonsa. "Ɗana, wata uku ba ci, wa zai ciyar da kai?"

Malam bai ja zance ba: caca ce, haramun ce.

Mai shayi, yana juye ruwan zafi, cewa ya yi gara a kawo kuɗin a kama kasuwanci a Kantin Kwari.