Loka ta cikin jirgin ruwa mai ɗaki, me zamu kira ta da Hausa?

Salam 'yan uwa. Akwai wata kalma da nake so mu tsayar, wato wadda za ta maye loka ta cikin jirgin ruwa, 'yan uwa sun riga sun kawo shawarwari a kai, kuma ina so mu tsayar da ita da hujja. Maganar ƙaramin jirgin ruwan shaƙatawa ce, wanda Turawa ke kira kabin kuruza, mai inji, mai ɗan ɗaki a ciki da wurin kwana da wurin girki da bayi, tsawonsa yawanci daga ƙafa 25 zuwa 45. Sunan jirgin kansa bai dame ni ba, jirgi mai ɗaki ya wadatar, kowa ya ji zai gane. Abin da ya tsaya min shi ne wuraren da ake zuba kaya a cikinsa, waɗanda su masu jirgin suke kira loka, ƙarƙashin kujera loka, ƙarƙashin gado loka, ramin sarƙar anga (ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa ta tsayar da jirgi) a goshin jirgi loka, har na can baya da suke ce wa lazaret shi ma loka ne.

Na san wani zai ce ai loka ta riga ta shigo Hausa, a bar ta mana. Haka ne ta shigo, amma idan ka ce wa Bahaushe loka abin da zai gani a ransa shi ne wani akwatin ƙarfe ko na katako mai kusurwa huɗu da ƙofa da kwaɗo, wanda zaka iya ɗauka ka canza masa wuri. Ta jirgi ba haka take ba sam. Ba a ɗaukarta, ba ta da kusurwa huɗu, jikin jirgin ne da kansa ya zama bangonta, kuma jikin jirgi lanƙwasasshe ne, saboda haka sama da faɗi ƙasa a tsuke, wata ma kamar mazurari take, ka saka ƙaramin abu ya gangara can ƙasa sai ka kwanta da ciki ka zura hannu har kafaɗa kafin ka taɓo shi. Duk wahalar ajiyar kaya a irin jirgin nan daga nan ta faro, kuma kalmar da zamu zaɓa ya kamata ta nuna hakan.

Bari in faɗi abin da ake buƙata daga wurin ajiya a jirgi tukuna, sai mu auna kalmomin da shi.

A ɗaki na ƙasa in ka ajiye abu yana nan inda ka bar shi. A jirgi kuwa ɗakin ne gaba ɗaya yake motsi, ya yi gaba ya yi baya ya karkata hagu ya karkata dama, in wani jirgin ya wuce da gudu igiyar ruwan da ya tayar ta daki naka sai ka ji kofuna da cokula sun yi tsalle lokaci ɗaya. Shi ya sa kanta a jirgi ba a barinta fili, ana kafa mata ɗan siririn katako a baki wanda zai tare kaya, ƙofar kabad kuma dole sai da sakata mai kamawa da kanta, maganaɗisu kaɗai ba ya riƙe ta in gwangwanaye suka taho suka buge ta daga ciki. Masu gyaran da suka san aiki har rarraba cikin lokar suke yi da filawud, kowane abu da ɗan gidansa daidai jikinsa, faranti a tsaye a nasa, kwalba a nata ramin, ta yadda ko jirgi ya yi yaya babu sararin da abu zai samu ya yi gudu. Wato abin da ake nema ba wurin zuba kaya kawai bane, wuri ne da zai riƙe kayan.

Na biyu nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sarƙar anga mai kaurin milimita 8 kowace mita tana kai kusan kilo 1.4, kaga mita 30 ta haura kilo 40 kenan zaune a can goshin jirgi inda nauyi ya fi damun tafiya. In ka ƙara jibga akwatin kayan aiki da jarkokin ruwa a ƙarƙashin gadon gaba saboda kawai ka ga fili a wurin, hancin jirgi zai nutse, ya riƙa huda ruwa maimakon ya hau kansa, inji ya sha mai a banza. In kuma ka tara su a baya jirgin zai ɗaga kai ya ƙi miƙewa. Ƙa'idar dai ita ce mai nauyi ƙasa kuma kusa da tsakiya, mara nauyi kamar barguna da tufafi su ne za su je ƙarshe ƙarshe da sama. Kowane kaya da wurin da nauyinsa ya ba shi, ba wurin da ya fi maka sauƙi ba.

Toh yanzu kalmomin da aka kawo.

Malam da ka ce sito, Allah ya ƙara basira, amma sito ɗaki ne da mutum ke shiga da ƙafarsa, kuma ita ma aro ce, in aro zamu yi gara mu zauna kan loka. Taska tana da daɗi a baki sai dai ta yi girma, taska ai sai dukiya ko littattafai, ba igiya da bokiti da man inji ba. Rumbu na cire shi tun farko don abu ɗaya ake zubawa a ciki a tara. Adaka da akwati duka ana ɗaukarsu. Kabad da durowa kuma suna nan a jirgin da sunansu, ba sai mun taɓa su ba, su ne na wurin girki.

Ma'aji da ma'ajiya su ne mutane da yawa suka fi karkata a kai kuma na fahimci dalili, ginin kalmar daidai ne, wurin ajiya. Matsalata da ma'aji ita ce a rubuce ba ka bambanta shi da mutumin da ke riƙe kuɗin ƙungiya, ka rubuta ma'ajin jirgi ya cika da ruwa sai mai karatu ya tsaya ya sake karantawa. Ma'ajiya ta tsira daga wannan, amma ta yi faɗi da yawa, banki ma'ajiya, waya ma tana da ma'ajiya, komai ma'ajiya. Ba ta gaya maka komai game da siffar wurin.

Hajiya da kika kawo aljihu, gaskiya kin kusa, don aljihu a jikin riga yake ba a raba shi da ita, kamar yadda lokar take a jikin jirgi. Ni zan ce mu riƙe aljihu amma mu ba shi aikinsa na gaskiya, wato waɗannan jakunkunan tamfol da ake ɗinkawa a maƙala a bangon ɗaki ko bayan ƙofa don tocila da waya da tabarau da taswira. Wannan gyara ne mai araha da yake ceton fili sosai, tare da ragar da ake ratayawa a gefen gado ko saman wurin girki, wadda ni ragaya nake kiranta kai tsaye don aikinsu ɗaya, kaya na lilo a ciki ba ya faɗuwa kuma iska na ratsa shi.

Kalmar da ni na tsaya a kai ita ce gurbi.

Ku duba yadda muke amfani da ita. Gurbin ido, wato ramin da aka yi daidai ido a jikin ƙashi, ba a cire shi a kai wani wuri. Gurbin da kaza ke kwanciya. Maye gurbi, wato wani ya tashi wurinsa yana nan a buɗe yana jiran wanda zai cike. Duk ma'anonin nan abu ɗaya suke nunawa, rami ne a jikin wani abu, an yi shi don wani abu takamaimai, kuma ko an cire abin sunan wurin bai canza ba. Wannan shi ne ainihin lokar jirgi in an gyara ta yadda ya kamata. Jam'inta ma a shirye yake, gurabe, kuma tana karɓar ƙari ba tare da ta yi nauyi a baki ba: gurbin anga, gurbin gas, gurbin batir, gurbin ƙarƙashin gado, lazaret kuma gurbin baya, shikenan.

Ƙanena da ka ce gurabe zai sa mutane su tuna guraben aiki da na karatu, eh zai iya, amma wanda ke tsaye cikin jirgi aka ce masa ɗauko igiya a gurbin baya ba zai yi tunanin takardar neman aiki ba. Kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyu lafiya lau in wuraren amfaninsu sun yi nisa da juna, abin da ya hana ma'aji shi ne nasa biyun suna iya haɗuwa a jimla ɗaya.

Kuma akwai inda gurbi ya fi loka amfani nesa ba kusa ba, wato wajen gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, nau'insa da ake kira furofen kusan ninki ɗaya da rabi, wanda ake kira butan kusan ninki biyu, in ya yi yoyo ba ya tashi sama ya fita ta taga, gangarawa yake ya taru a can ƙasan cikin jirgi inda famfon kwashe ruwa da wayoyin lantarki suke, tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka tukunyar gas ba a saka ta a duk lokar da aka ga dama. Nata wurin daban ne, a toshe yake ta ɓangaren ɗaki, murfinsa ta sama yake buɗewa, kuma a gindinsa akwai tiyo da ke fitar da duk abin da ya zubo zuwa wajen jirgi sama da bakin ruwa, ba a haɗa ta da komai a ciki, ko tsumma ba a jefawa don kar ya toshe tiyon. In ka ce lokar gas mutum zai ɗauka kowace loka ce da aka saka gas, in ka ce gurbin gas ya san wuri ne da aka yi don gas kaɗai. Tururin fetur ma haka yake kwanciya a ƙasa, shi ya sa masu injin fetur na ciki ake ce musu su kunna fankar zuƙe iska aƙalla minti 4 kafin su tayar da inji, kuma jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki. Batir shi ma nasa gurbin yana son ɗauri mai ƙarfi da hanyar iska ta sama, don lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin.

Wani abin da nake roƙon duk mai shirin ƙara gurabe a jirginsa ya kiyaye, don nan ne ake ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga fili a bayan bango sai ya ɗauko zarto. Wasu bangayen cikin jirgi su ne ke riƙe da siffar jikinsa, ka yanke babbar ƙofa a ciki ka raunana jirgin. Daɓen sama kuma sau da yawa faifan faiba ne biyu da katako mara nauyi mai suna balsa ko soso a tsakiya, in ka huda ka ɗaura sukuru ba ka toshe ramin da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, ba ruwa zai bi ta nan ya riƙa ruɓar da cikin a hankali, shekara biyu uku sai ka ji wurin yana lotsawa in ka taka. Sukurun ma sai wanda ba ya tsatsa, mai lamba 316 ya fi jure ruwan gishiri. Sannan akwai ƙananan ramuka a ƙasan haƙarƙarin jirgi da aka bari da gangan don ruwa ya gangara zuwa wurin famfo, kar sabon katakonka ya rufe su, kuma duk bawul, wato makullin bututun ruwa, da ke ratsa jikin jirgi ya kasance hannu na kai masa cikin duhu ba sai an kwashe kaya ba. Rigunan ceto da abin kashe gobara su kam ba a binne su ƙarƙashin komai. Kayan ƙarfe kuma a nisanta su da kamfas, na'urar nuna gabas da yamma, don suna karkatar da allurarsa.

Danshi ma kar a manta, jikin jirgi yana sanyi saboda ruwan da ke waje, numfashin mutane da tururin girki su sauka a kai su zama raɓa, gurbin da ba ya shan iska cikin 'yan makonni zai yi fumfuna. Maganin shi ne huda ƙofofin ko a yi musu tsaga tsaga, a shimfiɗa siraran katako ƙarƙashin katifa, kaya kuma a saka su cikin jaka mai laushi da za ta bi lanƙwasar wurin maimakon akwati mai tauri da zai bar rabin gurbin a banza.

Shi kuma aikin saka kowane abu a gurbinsa a ɗaure, wanda su Turawan suka ware masa kalma daban da ajiya, muna da kintsawa tun tuni, a kintsa jirgi kafin a tashi, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Wani ya ba da shawarar makintsi a madadin gurbi, ginin ya yi kyau amma zai faɗa ramin da ma'aji ya faɗa, a rubuce ba a san wuri ne ko mutum ba.

Saura guda ɗaya da ban gamsu da abin da ke hannuna ba, ɗan siririn katakon nan na bakin kanta mai tare kaya. Ina ce masa matari, wani ya ce leɓen kanta, wani ya ce datsi. Datsi ni ruwa yake tuna min. Kafintoci da ke cikinmu dan Allah ku faɗa mana me kuke kiransa in kuna kafa shi.