Masu sayo littattafai daga ƙasar waje, yaya naku ya iso Legas?

Baban Khalifa, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sayo littafi daga ƙasar waje aka kawo masa nan Legas ya ba mu labarin yadda aka ƙare. Ba littattafan makaranta nake nufi ba, na sha'awa nake nufi, irin su ɗinki, kiwo, zane, gyaran rediyo da girki. Ni tattabaru nake kiwo a bayan gida. Akwai wasu tsofaffin littattafai biyu kan tattabarun tsere na Ingila da Beljiyam da na gani wurin wani mai sayar da littattafan gwanjo a Ingila. Na zaga Yaba da Ojuelegba har CMS, ba wanda ya san da su. Mutumin ya ce in zaɓa, ko ya turo ta gidan waya, ko ta kamfanin kawo kaya na gaggawa, wanda kuɗinsa ya fi kuɗin littattafan kansu. Wanne ya fi? Kuma da gaske ne ana biyan kuɗin fito a kan littafi?

Maman Ilham, Idi-Araba

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ni ta gidan waya nake yi, kuma kayana ba su taɓa ɓata ba, sai dai ka tanadi haƙuri. Littattafan saƙa da surfani nake sayowa, yawanci daga Japan da Turkiyya. Ba na jin yarensu, amma zanen ya isa, kowane ɗinki an nuna shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da zai ɗaga maka hankali shi ne lambar bibiya. Kwanakin farko za ka ga komai na tafiya, an karɓa, an kai filin jirgi, ya bar ƙasar. Daga nan sai tsit. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, kana ta duba waya ba abin da ya canza. Karon farko har na cire rai. Wata maƙwabciyata ce ta ce in ɗauki katin ɗan ƙasa in je gidan wayar da ke kula da unguwarmu in tambaya. Ina zuwa na tarar da ƙunshina a kan kanta ya yi ƙura, ya daɗe da isowa. Mai sayarwar bai rubuta lambar wayata a jikin kwalin ba, su kuma ba su da hanyar nemana. Gidanmu ma lambarsa ta goge tun wani fenti da mai gida ya yi. Na biya ɗan kuɗin hidima, aka ba ni rasit, na sa hannu na ɗauko.

Tun daga ranar nake cusa lambar wayata a cikin layin adireshin kansa, bayan sunan titi, don in an ba ka gurbin waya daban ba lallai ya fito a takardar da ake mannawa ba.

Alhaji mai fitar da kaya, Apapa

Bari in amsa maganar kuɗin fito, tunda sana'ata ce, ko da yake kwantena nake fitarwa ba ƙunshin littafi biyu ba.

Kowane kaya yana da lambarsa a kundin harajin kwastan. Littafin da aka buga yana babi na 49, lamba 4901. A tsarin harajin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS akwai matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Littafi yana matakin sifili. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020, shi ma an cire littattafai da kayan karatu daga cikinsa. Tushen abin tsoho ne, yarjejeniyar Florence ta UNESCO ta 1950, wadda ta ce kada a ɗora kuɗin fito kan littattafai, kuma Nijeriya na cikinta.

To me ya sa mutane ke cewa ana biya? Na ɗaya, a 2014 an yi hayaniya sosai kan wani haraji na kashi 62.5 cikin ɗari da aka ɗora wa littattafan da aka buga a waje, mawallafa da masu shagunan littafi suka yi ca. Maganar ta zauna a kan mutane har yau. Na biyu kuma, wanda ya fi yawa, mutum ya biya kuɗin hidima ko na ajiya ko na cike takardu, ya dawo gida ya ce kuɗin kwastan ya biya. Ba ɗaya ba ne. Kuɗin fito na gwamnati ne kuma yana da takardarsa. Sauran na wanda ya ɗauko maka kayan ne.

Akwai kuma sabon abu. Daga 8 ga Satumba 2025 Hukumar Kwastan ta yafe kuɗin fito kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, waɗanda aka turo ta masu kawo kaya na gaggawa ko matafiyi ya riƙo, sau huɗu a shekara. Littattafan tattabaru biyu ba za su kai nan ba, sai in da ruwan zinari aka rubuta su.

Maman Ilham, Idi-Araba

Alhaji, to ni an taɓa cajata fiye da yadda na saba, shekarun baya. Littafin ya zo a kwali ɗaya da allurai da zare da ƙaramin firam na katako.

Alhaji mai fitar da kaya, Apapa

Yawwa Hajiya, nan gizo ke saƙar. Da zarar an haɗa littafi da kayan aiki, mai duba kaya yana iya kallonsa a matsayin kayan ɗinki da ɗan littafin bayani a ciki, ya ba shi wata lambar. Kuma ba a kan kuɗin kayan kaɗai ake lissafi ba, ana haɗa kuɗin kaya da na inshora da na ɗauko shi, sannan a cire kason. Shi ya sa abu mai arha ke zuwa da caji mai ban mamaki. In kina so, ki ce a turo littafin shi kaɗai. Zare da allura ai kasuwar Balogun ta ishe ki.

Injiniya, Ikeja

Ni gaskiya ban goyi bayan gidan waya ba in littafin mai tsada ne ko wanda aka daina bugawa. Littattafan haɗa rediyo da na'urorin lantarki nake tarawa, wasu tun na shekarun 1970, in ɗaya ya salwanta ba za ka sake samun irinsa ba. Ta kamfanin gaggawa cikin mako guda yana hannunka, kuma kana ganin duk inda ya tsaya.

Amma su ma suna da nasu. Ba nauyin sikeli kawai suke bi ba, suna auna girman kwali. Tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000, abin da ya fito shi ne kilo a wurinsu, kuma wanda ya fi yawa tsakaninsa da nauyin gaske shi za ka biya. Kwali mai 40 da 30 da 20 ya zama kilo 4.8 ke nan, ko da littafin da ke ciki bai kai kilo ɗaya ba. Wani mai sayarwa a Amurka ya taɓa saka min siririn littafi a cikin ƙaton kwali ya cike da takardu wai don kada ya lanƙwashe. Niyyarsa mai kyau ce, aljihuna ne ya ji jiki. Yanzu kafin a rufe kwali sai na ce a faɗa min awonsa.

Sannan ranar da kaya suka sauka wani kamfani ya turo min saƙo in biya wasu kuɗi kafin a kawo, an rubuta haraji da sauransu a dunƙule. Na ce a rarraba min, nawa ne na gwamnati, nawa ne nasu. Da takardar ta zo, gurbin kuɗin fito sifili ne, duk sauran cajinsu ne. Na biya, don kowace rana da kaya suka ƙara kwana a wurinsu kuɗin ajiya na iya hawa, amma aƙalla na san abin da na biya.

Baban Khalifa, Agege

Injiniya, kuɗin gaggawar nan fa ya kai in sayi tattabaru masu kyau guda biyu a kasuwa. Littattafan ba su kai wannan matsayin ba.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya, Mushin

Ɗana Baban Khalifa, na yi ritaya da daɗewa, amma tsarin bai canza sosai ba. Ka tambayi mutumin naka wace irin lamba zai ba ka. Lambar kayan gidan waya na ƙasa da ƙasa harufa biyu ne a farko, lambobi tara a tsakiya, harufa biyu na ƙasar da aka turo a ƙarshe. Na Ingila GB ne, na Amurka US, na Japan JP. Harafin farko shi ne labarin. In R ne, rajista ce, sai an sa hannu a karɓa. In E ne, EMS ne, shi ya fi sauri a kayan gidan waya. In C ne, babban ƙunshi ne. In kuwa ya ce maka babu lamba sam don ya fi arha, to kada ka yarda, in ya ɓata ba wanda za ka kama.

Sai takardar da ake mannawa a jiki, CN22 ga ƙaramin ƙunshi, CN23 ga babba ko mai tsada. Ka ce ya rubuta littattafai ne bugaggu, guda biyu, da kuɗinsu na gaskiya. Mutanenmu suna son a rubuta musu kyauta ce ko a rage kuɗin, suna ganin dabara ce. Ba ta da amfani a kan littafi, tunda dama ba a biya, kuma in kaya suka lalace, a kan abin da aka rubuta za a biya ka diyya.

Jakunkunan waje ta filin jirgin Murtala Muhammed suke sauka, a buɗe su gaban jami'an kwastan, sannan a rarraba zuwa ofisoshin unguwanni. Lambar yanki ita ke nuna inda za a jefa naka. Tamu lambobi shida ce, ta Ikeja 100001. Mutane da yawa suna rubuta 234 a gurbin, alhali wannan lambar kiran waya ce. Sai ƙunshin mutumin Agege ya tafi Marina ya kwana.

Kuma ka guji Disamba. Kayan Kirsimeti suna cika ko'ina tun daga can.

Anti mai kek, Festac

Ni ejan nake bi. Suna ba ka adireshi a Landan ko Amurka, ka sayi kayanka a kai can, su haɗa da na wasu su turo, ka je ofishinsu wajen Ikeja ko Ajao Estate ka biya a kan kilo. Ga mai sayen littattafai da yawa lokaci guda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman irin nawa na ado da kek masu takarda mai sheƙi, nauyi kamar bulo. Matsalar ita ce sai kayansu sun taru suke turowa. A ce maka Juma'a, Juma'ar ta zo a ce ta gaba. Wani ejan ya taɓa riƙe min littattafai har bikin da na saye su dominsa ya wuce. Kuma yawancinsu suna da mafi ƙarancin kilon da suke karɓa, don haka littafi ɗaya ba riba. Mu kan haɗu mu uku ko huɗu mu yi oda tare.

In an ce maka jirgin ruwa ya fi arha, gaskiya ne, amma ka sa watanni a ranka.

Malam mai rubutun allo, Obalende

Ni littattafan koyon kyawun rubutun Larabci nake nema, daga Masar da Turkiyya. Ban taɓa bin gidan waya ba. Ɗalibanmu da ke karatu a Alƙahira da masu zuwa Umara su nake ba saƙo, in sun dawo in je in karɓa da ɗan tukuici. Abin da zan ƙara kawai, ko ta wace hanya ce, a naɗe littafi a leda kafin a sa shi a kwali. Ruwan Yuni da Yuli na Legas ba ya tambayar abin da ke ciki. Na ga littafin wani abokina da ya iso shafukansa sun manne da juna, tawada ta bi ko'ina.

Ɗalibi, Akoka

Ba wanda ya yi maganar biyan kuɗin tun farko. Ni littattafan wasan ces, wato darar Turawa, nake saye. A 2020 na yi oda daf da rufe filin jirgi, aka dakatar da jiragen sama na ƙasa da ƙasa daga 23 ga Maris har 5 ga Satumba, littafina ya zauna can sai bayan an buɗe. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira ke iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Littafin bai ƙara ko kwabo a can ba, a nan ya ninka sau uku. Sai a tsakiyar 2025 wasu bankuna suka dawo da katin. Ni yanzu na koma sayen na karantawa a waya, ba jira, ba kwali.

Maman Ilham, Idi-Araba

Ƙanena, kai ces kake yi shi ya sa. Littafin ɗinki yana zuwa da babbar takardar yanka a naɗe a bayansa, daidai girman rigar, ka shimfiɗa a kan yadi ka bi da alli. Wannan waya ba za ta ba ka ba. In ka ce za ka buga a shagon kwamfuta, awon ya kauce.

Mai lambu, Ikorodu

Gargaɗi ga masu littattafan shuka. Wasu masu sayarwa suna jefa ɗan fakitin iri a ciki a matsayin kyauta. Ka hana su tun kafin su rufe. Iri da tsiro suna buƙatar izinin hukumar killace kayan gona, kuma saboda wannan ɗan fakitin ana iya tsare ƙunshin gaba ɗaya.

Baban Khalifa, Agege

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa mutumin ya turo ta gidan waya da rajista, a leda, da lambar wayata a adireshi. Baba, ya ce nauyinsu tare ya ɗan haura kilo biyu. Akwai matsala?

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya, Mushin

Ƙaramin ƙunshi iyakarsa kilo biyu ne, in ya wuce ya shiga sahun manya, farashi ya canza. Amma bugaggun takardu suna da nasu rangwamen nauyi a wasu ƙasashen, don haka ka ce ya tambaya a gidan wayarsu ko za su karɓa a matsayin littattafai zalla. In sun ƙi, ya auna maka kuɗin turo su ɗaiɗai, kowanne da lambarsa, ka kwatanta da na haɗe. Kuma sunan da zai rubuta ya zama daidai da na katinka na ɗan ƙasa, ba Baban Khalifa ba.