Neman kalma: me za a kira grip na tayar keke? Ana jirana ranar Lahadi

Baban Hanifa (Riyad): Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema, lokaci kuma ya ƙure. A wurin aikinmu akwai yara Hausawa masu kai saƙo a kan keke, wasu daga Najeriya da Nijar, wasu daga Sudan, wasu haihuwar nan. An ba ni takarda shafi biyu, Larabci da Turanci, kan kula da taya kafin sanyi ya shigo, aka ce in karanta ta da Hausa a tura musu muryar a WhatsApp ranar Lahadi da safe. Kalmomi uku sun tsaya min a wuya: pressure, puncture, sai grip, wanda suka fassara da tamasuk. Har da wani kan magana wai winter grip.

Mai Faci (Jidda): Wa alaikumus salam Alhaji. Biyun farko ai ba aiki. Taya ta yi faci, ko ta sace. Ɗayan kuma geji. Duk wanda ya zo shagona abin da nake tambayarsa ke nan, geji nawa zan sa maka?

Maman Ilham (Madina): Geji sunan abin awon ne, ba abin da ake aunawa ba. Lokacin da nake koyar da kimiyya a Zariya matsin iska muke cewa. Kada dai ka ce ƙarfin iska, za su ɗauka guguwa ake nufi.

Mai Faci: Malama, in na ce wa yaro "duba matsin iskarka" wallahi dariya zai yi min.

Baban Hanifa: To zan haɗa: matsin iska, wato geji. Na wuce wannan. Grip fa?

Haihuwar Makka: cin ƙasa? tayar tana cin ƙasa sosai

Mai Faci: Subhanallah. Ana so a hana su cin ƙasa kai kuma za ka koya musu. Wanda ya ci ƙasa ai ya faɗi ke nan, ɗana.

Maman Ilham: A aji gogayya muke cewa, amma wannan sunan abin da ke faruwa ne tsakanin roba da kwalta. Mai keke ba shi ya dame shi ba. Abin da ya dame shi, in ya karya kwana ko ya taka birki, tayar ta tsaya inda ya sa ta. Riƙo ya fi kusa.

Ɗan Ƙofar Mata (Jami'ar Madina): Allah gafarta Malama, riƙo ya yi sanyi. Ana riƙon yaro, ana riƙon amana, ana riƙon ƙwarya. Abin da ake nufi a nan kamu ne mai ƙarfi. Ina ba da shawarar DAMƘAU, daga damƙa. Gajeriya ce, Hausa ce tsantsa, kuma babu wata ma'ana da ta riga ta hau kanta. Taya mai damƙau, taya marar damƙau. Damƙau ɗin hunturu. Ku furta ku ji yadda take zama a baki.

Maman Ilham: Tana da daɗin faɗa, amma duba ginin. Mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara ne. Ashe damƙau ita ce tayar da kanta, ba halinta ba. "Taya mai damƙau" kamar ka ce yaro mai mantau ne.

Ɗan Ƙofar Mata: To damƙa kawai. Damƙar ƙasa. Amma ni dai damƙau ta fi min.

Haihuwar Makka: a garin nan ka tura wa yara murya kana ta damƙa damƙa, rabi za su kashe waya su ɗauka kamen marasa iƙama (takardar zama) aka fara 😂

Baba Na Gadarif (Makka): Salamu alaikum 'ya'yana. Baban Hanifa, ka ce cikin yaran akwai namu na Sudan. To ka sani yaron da ya tashi a Gadarif ko Sinnar ko Wad Madani, keke wurinsa ajala ce, taya lastik ce, in ta fashe banshar ta yi. Ka ce masa faci, sai ya tsaya yana kallonka. Na Makka da Jidda kuma sikal da kafar suka sani. Ka yi la'akari.

Ɗan Ƙofar Mata: Baba, da girmanka, wannan ai Larabcin kasuwa ne. Hausa aka ce a yi. In kowa zai kawo abin da ake faɗa a unguwarsu, gobe ba za a samu Hausar da za a rubuta ba. Banshar ɗin ma ba Larabci ba ne, puncture ce Larabawa suka lanƙwasa. Daidaitacciyar Hausa tana da gida, kuma kowa ya san inda gidan yake.

Baba Na Gadarif: Madalla da mai gida. To ɗana, taya, tib, bawul, faci, sholisho, famfo, geji, birki: wanne ne kakanka ya gada? Ku kun ara wurin Bature ya zama Hausa, mu mun ara wurin Balarabe ya zama na kasuwa. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu, da Hausarsu a bakinsu, ba su bar ta a hanya ba. Har yau akwai kalmomin da tsofaffinmu ke faɗa da sai ka buɗe ƙamus kafin ka gane su.

Ɗan Ƙofar Mata: Ban raina kowa ba Baba. Kuma ai abin da nake faɗa ke nan, aron ya yi yawa ta kowane ɓangare. Shi ya sa in an samu dama a ƙirƙiro tamu. Yaren da ake fassara huɗubar Arfa da shi bai kamata ya rasa sunan abin da taya ke yi da ƙasa ba. Taya ma ana iya cewa ƙafar keke, tib a ce hanjin taya.

Mai Faci: Hanji! Gobe in ce wa kwastoma hanjinka ya huje.

Maman Ilham: Abin da ya zo da sunansa a bar shi da sunansa. Taya mai iska ta keke Dunlop ne ya fito da ita a 1888 a Belfas, likitan dabbobi ne ma, keken ɗansa mai ƙafa uku yake gyarawa. Babu laifi don Bahaushe bai raɗa mata suna ba. Keken ma kafin ya zauna, da basukur wasu ke cewa.

Haihuwar Makka: mu dai kullum mu ne ba mu iya Hausa ba. a Shara Mansur a ce mana ba Larabawa ba, a nan a ce mana ba Hausawa ba

Baban Hanifa: Don Allah jama'a. Baba ka yi haƙuri, Malam kai ma. Daren Juma'a muke ciki kuma ban rubuta layi ɗaya kan grip ba. Oga Mai Faci, kai da kake taɓa tayar kullum, in mutum ya kawo sudaddiya me kake ce masa?

Mai Faci: Cewa nake zanenta ya cinye, ba ta kama ƙasa, santsi za ta riƙa yi maka. Shi ke nan. Ban taɓa neman suna ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba. Tunda ka tambaye ni, bari in faɗa maka abin da zan so yaran su ji, ko yana takardarka ko babu.

Gejin kowace taya yana rubuce a gefenta, mafi ƙanƙanta da mafi yawa. Irin kekunan kai saƙo yawanci tsakanin 50 ne da 70, masu ƙatuwar taya na hawan dutse kuma wajen 30 zuwa 40. In famfon bar yake nunawa, wato wani ma'aunin iska na daban, bar ɗaya geji 14.5 ne. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, taya mai 35 ma tauri za ka ji. Kuma su yi hattara da kwampireson gidan mai, na mota ne, kafin ka ƙifta ido ya fasa tib.

Faci kuma, yawancin wanda ke dawowa hannuna gaggawa ce ta ɓata shi. Ka ciro tib, ka ɗan busa, ka tsoma a ruwa ka ga inda kumfa ke tashi. Ka goge wurin ya bushe, ka kankare da samfefa ya fi facin faɗi. Sholisho kaɗan, siriri, sannan ka jira kamar minti biyar har ƙyallinsa ya mutu. A nan kowa ke faɗuwa, suna manna faci a kan ɗanyen sholisho. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, don ƙayar ko guntun wayar tana nan tana jiran sabon tib. Kada a sa sukundireba wajen mayarwa.

Hujin ma yana faɗa maka wanda ya yi shi. In ta waje ne, ƙusa ce ko kwalba ko ƙaya. In ta ciki ne wajen rim, kan sifok ne ya leƙo, a duba ƙyallen rim. In kuma huji biyu ne gefe da gefe, iska ce ta yi kaɗan aka daki bakin titi rim ya cije tib.

Baban Hanifa: Wannan na ƙarshen yana takardar, Turawan saran maciji suke ce masa.

Mai Faci: Ka bar shi haka, ya zauna daram.

Baba Na Gadarif: Ƙayar nan in ta jeji ce ka ce tsidau. A Sudan diresa ake ce mata. Ta fi ƙusa cin lastik.

Ɗan Ƙofar Mata: Kun ga? Baba da kansa ya kawo tsidau. Ashe akwai kalmomin in an nema. Amma "tana kama ƙasa" jimla ce, ba kalma ba. Kan magana fa? Za ka rubuta jimla a kan magana? Damƙau ɗin hunturu ya warware wannan.

Maman Ilham: Hunturun ne ma ya fi damuna. Hunturu a wurinmu ɗari ne da ƙura da fashewar leɓe, ƙasa a bushe ƙamas. Ka ce wa Bahaushe ya yi hattara da santsin hunturu, zai ce wane santsi? Sanyin Riyad kuwa da ruwa yake zuwa. Wata da watanni ba a yi ruwa ba, mai da ƙura sun kwanta a kwalta, yayyafin farko ya taso da su. Fentin titi da murfin ƙarfe na magudana su suka fi ja. Ka ce lokacin sanyi da ruwa. Sannan ka gaya musu sanyi da kansa yana rage geji: tayar da aka ba 60 da zafin 40, in gari ya sauko 10 za ta koma wajen 53 ba tare da huji ba. Kada su zargi mai faci.

Mai Faci: Allah ya saka Malama. A kan wannan an sha zagina.

Baban Hanifa: To ga abin da ya ruɗa ni. Sanyi yana rage iska, a ƙara. Takardar kuma ta ce a rage iska in ana ruwa.

Mai Faci: Duka gaskiya ne. Ka fara aunawa ka san inda kake. In titi a jiƙe yake ka sauko kamar 5 daga abin da ka saba, tayar ta ɗan baje ta sami wurin kamawa. Amma kada ka gangara ƙasa da abin da ke rubuce a gefe, in ba haka ba saran macijinka ya same ka, musamman da kaya a baya.

Ɗan Tabuk: Mu nan dusar ƙanƙara tana sauka a Jabal Lauz wasu shekarun. Ba a maganar tayoyin nan masu ƙusoshi?

Baban Hanifa: Akwai sakin layi guda a kai, da alama daga takardar Turai aka kwafo. Na Finlan da Kanada ne, inda titi ke daskarewa wata da watanni. A kwaltar Riyad ƙara kawai za su yi maka. Na tsallake shi.

Ga abin da na tsayar. Kan magana: Kamun ƙasa lokacin sanyi da ruwa. A cikin bayani zan ce tana kama ƙasa, ko tana santsi. Matsin iska, wato geji. Faci, wato banshar. Taya zan ce, amma a farko zan ambaci lastik da kafar sau ɗaya saboda mutanen Baba.

Ɗan Ƙofar Mata: Kamun ƙasa kamar ana rabon filaye. Kuma "wato, wato" ɗin nan ba fassara ba ce, sulhu ne. Amma muryarka ce. Ni dai a rubutuna damƙau zan sa.

Baba Na Gadarif: Sau biyu za ka ce lastik. Yara ba sa sauraron farkon murya.

Ɗan Tabuk: To tayar da ba ta da tib fa, mai ruwan nan a ciki da ke toshe huji da kansa?

Ɗan Ƙofar Mata: Ina da kalma.

Baban Hanifa: Ba ta cikin takardar. Ka buɗe mata nata zauren, Malam.