Na tsinci sigarin lantarki a aljihun ɗana

Maman Abba, Makka:
Jama'a, jiya ina wanki na tsinci abin nan a aljihun jallabiyar ɗana, ruwan yana ƙamshin mangwaro. Shekararsa 17. Ya rantse tururi ne kawai. Da gaske akwai guba a ciki? Ban runtsa ba.

Baban Ikram, Jidda:
Hajiya, akwai. Binciken Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, 2018, ya samu ƙarafa masu guba, dalma, nikel da kuromiyam, a tururin. Yawanci daga wayar da ke dumama ruwan suke fitowa. Wasu ruwayen kuma tun suna cikin kwalba an ga gubar arsenik a ciki.

Yaya Larai, Madina:
Ƙanwata, kada ki fara da faɗa. Kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ki tambayi asibitin daina shan taba mafi kusa. Ku je tare.